Jirgin sama zai iya gane hanya da ɗumin ƙasa idan GPS ta ɗauke?

Injiniya_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai wata fasaha da ba a cika maganarta ba, ina so mu tattauna a kanta. Duk abin da ke doron ƙasa, ruwa ne ko yashi ko kwalta ko gona, yana fitar da igiyoyin maikurowef da kansa saboda ɗumin da ke jikinsa, ba sai wani ya haska shi ba. Ƙarfinsu kaɗan ne ƙwarai, amma akwai na'ura mai suna radiyomita da ke iya auna su. Kuma kowane abu da irin yadda yake fitarwa: ruwa daban, busasshiyar ƙasa daban, ƙarfe daban. To idan aka ɗaura wannan na'ura a ƙasan cikin jirgin sama, za ta riƙa zana hoton ƙasar da ake ketawa, kwamfuta ta gwada hoton da taswirar da aka ajiye mata, ta ce ga inda muke. Ba ta aika sigina, ba ta jiran tauraron ɗan adam, dare da rana duk ɗaya ne a wurinta, ƙura kuma ba ta tare mata gani.

Ra'ayina shi ne, yanzu da toshe siginar GPS ya zama ruwan dare a wuraren da ake rikici, wannan ce fasahar da ta cancanci a zuba wa kuɗi ta zama madogara ta biyu, musamman a ƙasashe masu hazo irin namu. Me kuka gani?

Baban_Ummi:
Wa alaikumus salam. Injiniya, ni maikurowef ɗin da na sani shi ne na ɗumama abinci. Kana nufin ƙasar da muke takawa tana fitar da irinsa? Ba ya cutarwa? Sannan ina bambancinsa da radar?

MalamaKimiyya:
Baban Ummi, kwantar da hankalinka, jikinka ma yana fitarwa a yanzu haka. Na'urar ɗumama abinci tana zuba ɗaruruwan wat a cikin ƙaramin akwati a kan gigahaz 2.45 (gigahaz shi ne kaɗawar igiya sau biliyan ɗaya a daƙiƙa). Abin da ƙasa ke fitarwa bai kai ko kusa da kusa ba, shi ya sa auna shi ke da wuya. Ka san yadda katanga ke huro ɗumi bayan magariba idan ta sha rana? Mafi yawan wannan ɗumin a zangon infirared yake fita, amma wani ɗan kaso yana fita a zango mai tsawo, wato igiya mai tsawon milimita zuwa santimita. Shi ake magana.

Abin da ya sa ake samun hoto shi ne ba kowane abu ke sakin ɗuminsa daidai ba. A ce ƙasa da kogi duka suna kan digiri 27 na salshiyos, wato 300 a ma'aunin Kelvin. Busasshiyar ƙasa da ciyayi suna sakin sama da kashi 90 cikin 100, sai radiyomita ta gan su wajen 280. Ruwa kuwa a gigahaz 35 bai kai ya saki rabi ba, sauran abin da ke zuwa daga gare shi hoton sararin sama ne yake mayarwa. Sararin sama kuma a wannan zangon sanyi gare shi ƙwarai idan babu gajimare. Sai kogin ya fito wajen 150. Tazarar sama da digiri 100 ke nan tsakanin ruwa da gaɓarsa, alhali idan ka sa hannu ɗuminsu ɗaya ne. Ƙarfe ya fi kowa: kusan ba ya sakin komai nasa, sama kawai yake mayarwa, sai ya fito ya fi ruwa sanyi.

Kyaftin_MaiRitaya:
Batun radar, Baban Ummi: radar maharbi ne mai fitilar goshi. Yana ganin abin da ya haska sarai, ya san nisansa, amma duk wanda ke dajin ya hango fitilar tun kafin maharbin ya hango shi. Radiyomita ba ta kunna komai, karɓa kawai take yi. Sojoji na son haka don ba a gane suna tafe. Mu na jiragen fasinja ba ɓuya muke yi ba, so muke a gan mu ma, don haka wannan fa'idar ba ta shafe mu ba. Zan dawo kan sauran maganar Injiniya.

MaiDish_SabonGari:
Allahu Akbar. Malama, kin warware min wani abu da ya daɗe yana ɗaure min kai. Ni sana'ata ɗaura dish. Ƙaramar mitar nan mai allura da muke neman sigina da ita, idan na juya dish ɗin sama inda babu satalayit, allurar sai ta kwanta. Idan na sunkuyar da shi ya kalli bango ko bishiya ko ƙasa, sai ta ɗaga. Ko tafin hannu na sa a bakin LNB, wato na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina, tana motsawa. Yarana na shago suna cewa wai sigina ce ke dawowa daga bango.

MalamaKimiyya:
Malam Mai Dish, ai radiyomita ce a hannunka. LNB ɗinka tana sauraren gigahaz 10.7 zuwa 12.75. Sama sanyi, bango ɗumi, hannunka ɗumi, allurar kuma jimillar ƙarfin da ya shigo take nunawa. Ka gwada juya shi ya kalli rana ka ga yadda za ta ɗaga, amma ka kula, dish mai ƙyalli yana tara zafin rana ya narkar da murfin LNB. Da irin wannan sauraron ne Arno Penzias da Robert Wilson suka gano a 1964 cewa duk inda suka juya eriyarsu akwai wani ɗan ɗumi da ba ya gushewa, wanda yanzu aka auna shi 2.7 Kelvin, suka samu kyautar Nobel a 1978. Tsarin na'urar da har yau ake bi kuwa Robert Dicke ne ya wallafa shi a 1946: na'urar tana sauyawa da sauri tsakanin eriya da wani abu da aka san ɗuminsa, don kada hayaniyar cikinta ta ruɗe ta.

Sarkin_Tambaya:
To ai nan gizo ke saƙar. Abu tun 1946, amma har yau babu jirgin fasinjan da ke gane hanya da shi? Masu ƙera jirage ba su rasa kuɗi ba, ba su rasa masana ba. Injiniya, faɗa mana abin da ya hana.

Ɗalibi_Samaru:
Yallaɓai, ina ganin na san ɗaya daga cikin dalilan, don mun yi lissafinsa a aji. Kaifin hoto ya dogara ne da tsawon zango a raba da faɗin eriya. A gigahaz 94 zangon milimita 3.2 ne. Idan eriyar ta kai santimita 30, to daga nisan mita 1,000 ƙaramin abin da za ta iya bambancewa ya kai faɗin mita 11. Daga mita 10,000, inda jiragen fasinja ke tafiya, ya haura mita 100. Idan aka sauko gigahaz 35, inda zangon yake milimita 8.6, sai a ninka wannan kusan sau uku. Hasken da ido ke gani zangonsa ya fi wannan gajarta sau dubbai, shi ya sa kyamarar waya ke ba da hoto tangaran, ita kuwa wannan dishi-dishi.

Na biyu, sai na'urar ta ɗan daɗe tana kallon wuri kafin awonta ya zauna, don siginar ba ta da ƙarfi. Jirgi mai gudun kilomita 900 a awa yana cin mita 250 a daƙiƙa guda. Ko dai ka sa na'urori masu yawa su kalli wurare daban-daban a lokaci guda, kuɗi ya ƙaru, ko ka haƙura da hoto mai hayaniya.

Injiniya_Fagge:
Madalla da ɗalibi, lissafinka daidai ne. Amma ku lura, ba cewa na yi matuƙi zai riƙa kallon hoton yana tuƙi ba. Kowane babban jirgi yana da na'urar INS, wadda ke lissafa inda yake daga motsinsa da juyawarsa, ba ta buƙatar komai daga waje. Aibinta ɗaya, kuskurenta taruwa yake yi, kamar mil ɗaya na teku a kowace awa, wato kusan kilomita biyu. Abin da take buƙata shi ne lokaci-lokaci a ce mata ga ainihin inda kike. To idan jirgi ya keta mahaɗar Neja da Binuwai a Lokoja, ko tafkin Kainji, ko gaɓar teku, hoto mai kaifin mita 100 ya isa ya goge kuskuren kilomita biyu. Kuma da yake kwamfuta siffar gaɓar gaba ɗaya take gwadawa da taswira, ba ɗigo ɗaya ba, tana iya samun wurin da daidaiton da ya fi kaifin hoton kansa.

Kyaftin_MaiRitaya:
Injiniya, a takarda maganarka ta zauna. Amma bari in faɗa maka yadda abin yake a kujerar gaba. Idan GPS ta ɗauke a sama, ba mu rasa madogara ba. Akwai INS da ka ambata, akwai tashoshin rediyo na VOR da DME a ƙasa masu faɗa wa jirgi shiyya da nisa, kwamfutar jirgi tana auna nisanta daga DME biyu ta gyara lissafinta, ga kuma masu kula da zirga-zirga suna ganinmu a radar. Wurin da abin ke ciwo shi ne saukowa a filin da ba shi da hanyar sauka sai ta GPS. Abin da ya faru a Tartu ta ƙasar Estoniya ke nan a 2024: kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa can na wata guda, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, saboda katsalandan ga GPS. Da me aka magance? Da tsarin sauka mai dogaro da na'urorin ƙasa irin na da. Ba wanda ya nemi sabuwar fasaha.

Kuma kada a raina wahalar samun lasisi. Kafin hukuma ta yarda a dogara da na'ura da rayukan mutum ɗari biyu, sai an nuna ba kawai tana faɗin daidai ba, a'a, tana sanin lokacin da ta ɓata, ta yi shiru ko ta yi gargaɗi. Na'urar da za ta ɗauki wani kogi a matsayin wani ta ba ka amsa da ƙarfin gwiwa ta fi wadda ta mutu haɗari.

Yar_Nguru:
Kyaftin ya taɓo inda nake son zuwa. Aikina zana taswira ne daga hotunan tauraron ɗan adam, kuma abin da nake tambaya shi ne, wace taswira za a ajiye wa kwamfutar? Ku zo fadamar Haɗeja zuwa Nguru a watan Satumba, ku dawo a Afrilu. Wuri ɗaya ne, amma a idon wannan na'ura ƙasa biyu ce. Inda ruwa ya malale da damina ya zama gonar shinkafa, daga baya ya zama busasshen fili. Ba ma sai ruwa ya kwanta ba. Yayyafi ɗaya ya jiƙa ƙasa, abin da take saki ya ragu sosai, hoton ya canja. Wannan canjin ne ma ya sa ake amfani da fasahar wajen auna damshin ƙasa daga sama. Turai ta harba tauraron ɗan adam mai suna SMOS a 2009, Amurka ta harba SMAP a 2015, dukansu suna sauraren gigahaz 1.4. Abin da ya zama alheri ga mai binciken fari da noma shi ne ciwon kan mai neman hanya.

Ɗan_Diffa:
Gaskiya ne, Hajiya. Mu nan koginmu Komadugu watanni take yi tana gudu, sannan ta tsaya ta bar tafkuna nan da can. Tafkin Chadi kuwa a shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita 25,000, bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya koma ɗan kaɗan daga wannan, kuma har yanzu gaɓarsa ba ta zama wuri ɗaya daga shekara zuwa shekara. Wanda ya riƙe bakin tafkin nan a matsayin alama zai sha mamaki.

Injiniya_Fagge:
Hajiya 'Yar Nguru, ba kowace alama za a zaɓa ba. A bar fadama, a ɗauki abin da ba ya motsi: bangon madatsar ruwa, gada, babban titi, titin jirgi, gari.

Baban_Ummi:
Gari kuma? Ta yaya gari zai fito?

MalamaKimiyya:
Kwanon rufi, Baban Ummi. Na ce ƙarfe sama yake mayarwa. Unguwa mai rufin kwano za ta fito da sanyi a tsakiyar gonaki masu ɗumi, unguwar da ta fi yawan soron ƙasa kuma ba za ta bambanta da fili sosai ba. Amma a nan ma maganar Hajiya tana nan, don garuruwanmu faɗaɗa suke yi kullum. Gefen Kano na shekara goma da suka wuce ba shi ne na yau ba.

Abu_Tarihi:
Ku ba ni dama in kawo tarihin abin, don Sarkin Tambaya ya yi tambaya mai kyau. Gwada ƙasa da taswira don gane hanya ba sabon abu ba ne, daga makamai masu linzami ya fito. Tomahawk na Amurka yana da tsarin TERCOM: radar tana auna nisansa da ƙasa, a fitar da tudu da kwarin hanyar, a gwada da taswirar tsayin ƙasa. Idan ya kusa isa sai ya koma DSMAC, wadda kyamara ce ke gwada hoto da hoto. Kowanne da rauninsa. TERCOM tana son ƙasa mai tudu da gangare, a shimfiɗaɗɗen fili ba ta da abin kamawa. Kyamara kuma gajimare da hayaƙi suna rufe ta. Don cike wannan giɓin ne a shekarun 1970 sojojin Amurka suka jarraba gwada ƙasa da taswira ta hanyar radiyomita, tunda shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ma tana da koguna da tituna da gine-gine. Fasahar ta yi aiki a gwaji, amma na'urorin wancan lokacin manya ne masu hayaniya, daga baya kuma GPS ta zo da arha da daidaiton da ya sa kowa ya juya mata. Tsarin tudu da kwari shi ya rayu, har yau akwai TERPROM a jiragen yaƙi irin su F-16 da Typhoon. Dalili a fili yake: dutse ba ya canjawa da damina.

Ɗan_Agadas:
To mu a nan an haɗa mana duka biyun. Duwatsun Abzin sun haura mita 2,000 a wasu wurare, mai bin tudu da kwari ya samu abin da yake so. Ka fita gabas ka shiga Tenere kan hanyar Bilma, ɗaruruwan kilomita babu kogi, babu gari, babu kwalta, tudun yashin ma iska na matsar da shi. Injiniya, a can me na'urarka za ta karanta?

Injiniya_Fagge:
Kaɗan ƙwarai, Malam. Akwai bambanci tsakanin yashi da tsakuwa da dutse, amma ba mai ƙarfi ba ne kamar na ruwa da ƙasa. A can da tsakiyar teku sai dai INS ta riƙe har a iso inda akwai alama. Wasu na gwada karanta maganaɗisun ƙasa don irin waɗannan wuraren, sojojin saman Amurka sun gwada shi a jirgin C-17 a 2023. Ba na cewa fasaha ɗaya za ta ɗauke komai.

Sarkin_Tambaya:
Da farko ka ce madogara ta biyu bayan GPS. Yanzu ta zama ɗaya daga cikin madogarai, a wasu wurare, a wasu watanni. Mu dai a tsaya a magana ɗaya.

Hajiya_MaiAtamfa:
Ni duk wannan lissafin ya fi ƙarfina, 'ya'yana. Abin da na sani shi ne duk shekara idan hunturu ya kama, a soke tashi, a ɗage, a juya da jirgi wani gari. Na taɓa kwana a kujerar filin jirgi da kayana saboda hazo, ga ciwon ƙafa, ga waɗanda suka zo tarbata suna can suna jira. An ce matuƙi ba ya ganin titin sauka. Wannan abin naku zai sa ya gani ko ba zai sa ba?

MalamaKimiyya:
Sannu Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. A nan ne fasahar ta fi ƙarfi. Ƙurar hunturu, wadda yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta, ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, ba su kai kaurin gashi ba. Suna tare haske don zangon haske gajere ne. Zango mai milimita 3 ko 8 kuwa wucewa yake yi ta cikinsu kusan ba tare da ya ragu ba. Haka ma hazon raɓa irin na Turai. Sannan idan jirgi na saukowa, a kwance yake kallon titin, a kusurwar digiri 3. A wannan kusurwar shimfiɗaɗɗiyar kwalta tana mayar da sanyin sama, ciyawar gefe kuma tana nan da ɗuminta, sai titin ya fito a hoton kamar baƙin zare. An gwada wannan. A shekarun 1990 kamfanin TRW na Amurka ya ƙera kyamara mai aiki a gigahaz 89, da ƙananan na'urorin karɓa 1,040 a cikinta, tana ba da hoto mai motsi, aka ɗora ta a jirgi aka gwada ganin titin sauka da ita.

Kyaftin_MaiRitaya:
An gwada, Malama, amma ki duba abin da ya shiga kasuwa. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta yarda tun 2004 matuƙi ya sauko har ƙafa 100 yana dogaro da kyamarar ƙarin gani, kuma abin da aka ɗaura wa jirage kyamarar infirared ce, don ƙarama ce, hotonta kuma ya fi kaifi. Hancin jirgi ba fili ba ne, radar yanayi ta riga ta zauna a wurin. Ina za ka sa idon kyamarar radiyomita mai faɗin kusan rabin mita? Ku yi lissafin ɗalibinmu: daga kilomita 3, eriyar santimita 30 tana ganin ɗigo mai faɗin sama da mita 30, titin sauka kuma yawanci mita 45 ne. Za ka san titin na nan, amma mota ko saniya a kansa sai ka matso sosai.

Hajiya, ranki ya daɗe, maganin da ake da shi a hannu sunansa ILS, na'ura ce a filin jirgi da ke jawo jirgi kan layi har ƙasa. Mataki na ɗaya yana buƙatar a iya hangen mita 550 a kan titi. Mataki na uku yana saukar da jirgi ko da hangen bai wuce mita 200 ba, wani ma ƙasa da haka. Sai dai dole filin ya kasance da ita tana aiki ana duba ta a kan kari, da fitilu da wutar da ba ta yankewa, jirgin ya kasance da kayan, matuƙan kuma an horar da su. Ɗaya ya ɓace a cikin waɗannan, sai a jira hazo ya washe. A ganina kuɗin da ake da shi nan ya kamata ya tafi.

Hajiya_MaiAtamfa:
Allah ya sa masu abin su ji. Na gode Kyaftin, na gode Malama.

Injiniya_Fagge:
Kyaftin, ban ƙi ILS ba. Amma filaye nawa ne za su iya ɗaukar nauyin mataki na uku? Ƙananan filaye fa, da jirage masu saukar ungulu da ke kai agaji ko ɗauko marasa lafiya inda ko titi babu? Mai saukar ungulu idan ya zo sauka a yashi, farfelarsa ce ke tayar da ƙurar da ke rufe masa ido, kuma an yi asarar jirage da yawa ta haka a Iraƙi da Afganistan. Na'urar da ke jikin jirgi tana bin sa duk inda ya je. Kuma kayan radar na gigahaz 77 yanzu a motoci ake sa su, farashin irin waɗannan na'urori ba kamar na 1990 ba ne.

Kyaftin_MaiRitaya:
A kan mai saukar ungulu na ba ka gaskiya, buƙatar tana nan. Amma ko a can, abin da aka fi gwadawa radar ce mai gigahaz 94, don matuƙi na son sanin nisan abu, radiyomita kuma ba ta faɗin nisa.

MaiDish_SabonGari:
Tambaya, Malama. Mu da an fara ruwa mai ƙarfi sigina ke ɗaukewa, waya ta dame mu da kira. Ita wannan fa?

MalamaKimiyya:
Ta fi dish ɗinka shan wahala. Ɗigon ruwan sama ya kai milimita ɗaya zuwa 'yan milimitoci, kusan tsawon zangon kansa, don haka yana tare shi. Ko ruwa bai sauko ba, gajimare mai nauyi yana ɗumama sama a idon na'urar, kuma da sama ta yi ɗumi, kogi da kwano sun daina fitowa da sanyi sosai, hoton ya dushe. Iskar kanta ma tana sha: tururin ruwa a gigahaz 22, iskar oksijin a 60. Shi ya sa kuke jin ana ta maimaita 35 da 94, su ne tagogin da ke tsakani. A taƙaice da hunturu tana da ƙarfi, a tsakiyar hadarin Agusta ba ta da shi.

Sarkin_Tambaya:
Saura batun toshewa, wanda da shi aka buɗe zancen. Na'urar da ke sauraren abu mai rauni haka, ai ta fi GPS sauƙin kurmancewa.

Yar_Nguru:
Akwai gaskiya a nan. Zangon megahaz 1400 zuwa 1427 dokar duniya ta hana kowa watsa komai a cikinsa, an keɓe shi don masu saurare. Duk da haka da SMOS ta fara aiki sai aka ga wurare da dama a Turai da Asiya da Gabas ta Tsakiya sun lalace a hoton saboda na'urorin da ke watsawa a ciki ko a gefensa. Sai da aka bi ƙasa-ƙasa ana neman a kashe su.

Ɗalibi_Samaru:
Amma Anti, akwai bambanci. Eriyar GPS sama gaba ɗaya take saurare, siginar kuma daga nisan kilomita 20,200 take zuwa a kan zangon da kowa ya sani, don haka na'ura ɗaya a kan tudu tana iya kurmantar da yanki guda. Radiyomitar jirgi ɗan ƙaramin wuri take kallo a ƙarƙashinta, zangon milimita kuma ba ya nisa a iska. Mai son toshe ta sai ya kusanci hanyar jirgin. Abin da ya fi muhimmanci, GPS ana yi mata siginar bogi ta nuna wani gari daban, kamar yadda matuƙa suka riƙa ba da rahoto a Gabas ta Tsakiya tun 2023. Ƙirƙiro kogin bogi mai lanƙwasa daidai da taswira kuwa ba ƙaramin aiki ba ne.

Malam_Na_Zaure:
Ni abin da ke damuna daban ne. Duk misalan da Abu Tarihi ya kawo na makamai ne. Ranar da wannan na'ura ta yi arha ta yi ƙanƙanta, jirgi maras matuƙi da ba a iya toshe shi zai shiga hannun wanda bai kamata ba. Muna ganin abin da ake yi da ƙananan jiragen nan a yankin Sahel tun yanzu. Allah ya kiyaye.

Abu_Tarihi:
Amin, Malam. Sai dai masu wannan niyyar kyamara ta ishe su, ta fi arha nesa ba kusa ba. GPS ɗin ma ta soja ce tun asali, bayan harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu a 1983 ne shugaba Reagan ya yi alkawarin buɗe ta ga farar hula.

Injiniya_Fagge:
Sarkin Tambaya ya ce in tsaya a magana ɗaya, to ga ta. Ban janye ba. A sama can, na yarda DME da INS sun wadatar a inda akwai tashoshi. Amma a ƙasa-ƙasa, cikin ƙura, inda babu na'urar fili kuma ba a amince da GPS ba, ban ga abin da ke gani ba tare da ya tona kansa ba sai wannan. A haɗa ta da INS da ma'aunin tsayi, kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa.

Kyaftin_MaiRitaya:
Ni kuma ina nan a kan cewa sai na ga yadda za ta gane ta ɓata kafin in yarda a sa ta a jirgin fasinja.

Yar_Nguru:
Injiniya, har yanzu ba ka amsa min batun taswira ba. SMAP tana da eriya mai faɗin mita 6, amma ɗigonta ɗaya ya kai kilomita 40, don haka ba daga irinta za a samo taswirar da jirgi zai bi ba. Abin da zai yiwu shi ne a ɗauki hoton tauraron ɗan adam na yau da kullum, kamar na Sentinel-2 mai kaifin mita 10 da ake samu kyauta, a rarrabe ruwa da kwalta da kwano da gona, sannan a lissafa yadda kowanne zai fito a gigahaz 35 ko 94. Lissafin kuma sai an tabbatar da shi da awo na gaske a irin ƙasarmu, jar ƙasa da jigawa da fadama, da rani da damina, da safe da tsakar rana. Wa zai yi wannan awon, kuma duk wata nawa za a sabunta taswirar?

Ɗalibi_Samaru:
Anti, awon farko ba ya buƙatar jirgi. Idan Malam Mai Dish zai taimaka da dish da LNB, ana iya hawa gada ko bene a auna ruwa, yashi, kwalta da kwano a gigahaz 11, a maimaita bayan ruwan farko. Zan kai wa malamina shawarar a matsayin aikin kammala karatu.

MalamaKimiyya:
Ka nemi izini kafin ka kafa dish a kan gada, kada jami'an tsaro su yi maka wata fassara. Mitar allura ba za ta ishe ka ba, ka samu wadda za ta ba ka lamba ka rubuta. Kafin kowane awo ka kalli sama inda babu satalayit, sannan ka kalli abin da ka san ɗuminsa, don LNB tana canja hali idan rana ta gasa ta. Ka kuma riƙa rubuta kusurwar da dish ɗin ke kallo, domin ruwa a tsaye da ruwa a karkace ba awo ɗaya suke bayarwa ba.

MaiDish_SabonGari:
Ina da mai santimita 90 da ba na amfani da shi, da LNB sabuwa. Ka yi min magana ta akwatin sirri, ƙanena, sai mu ga yadda za a aiko maka Zariya.